Kumandan da malaminsa: sharhi a kan littattafan Hausa na Adam Mischlich

Masu nazarin Hausa sun daɗe da sanin ƙamus ɗin da Adam Mischlich ya buga a Barlin a shekara ta 1906, ko da yake masu ambatonsa sun fi masu buɗa shi yawa, saboda Jamusanci ne ya yi masa katanga. Haka nan an san tarin labarun al'adu da sana'o'i da ya fitar da sunansa, waɗanda kuwa Imam Umaru na Kete-Karaci ne ya rubuta su da ajami. Duk sa'ad da aka tayar da zancen samar wa azuzuwan yaƙi da jahilci abin karatu mai nauyi, ko zancen tattara tsofaffin kalmomin noma da fatauci, sai wani ya kawo sunan waɗannan littattafai, kuma da gaskiyarsa, domin zube na Hausa da ya kai su yawa da tsufa kaɗan ne. Amma kafin a ɗebi ruwa a wannan rijiya ya kamata a san wanda ya gina ta da abin da ya sa ya gina ta. Mischlich ba ɗalibi ba ne da ya je neman harshe don harshe. Ma'aikacin gwamnati ne wanda aka ɗora wa sa ido a kan sarakuna da baƙi da kasuwa, a wata ƙasa ta bakin teku da Jamus ta ce tana ƙarƙashin kariyarta.

Ƙasar ita ce Togo. Ran 5 ga Yuli 1884 Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniya da wakilan sarki Mlapa a bakin teku, daga nan Jamusawa suka riƙa kutsawa arewa har suka yanki wata siririyar ƙasa tsakanin Gwalkwas ta Ingilishi da Dahome ta Faransi. Helkwatarsu ta zauna a Lome daga 1897, mulkinsu kuwa ya ƙare a watan Agusta 1914. Sun kira ta ƙasar kariya, kalmar da za a komo kanta. Abin da ya fi damun gwamnatin Lome shi ne kuɗin shiga, domin a Barlin ana alfahari da Togo a kan ita ce take ɗaukar nauyin kanta, kuma mafi yawan abin da take samu daga kuɗin duwan yake fitowa, musamman na barasar da ake saukewa a gaɓa. Saboda haka duk kayan da ya bi ta hannun Ingilishi hasara ce ga Lome. Gishirin Ada yana hawa kogin Bolta cikin kwale-kwale, goro yana fitowa daga kurmin Asante, shanu da tumaki da kanwa da tufafi suna gangarowa daga arewa, kowace gwamnati kuwa tana so ayari ya sauke a kasuwarta, ya biya a hannunta.

Nan ne Kete-Karaci ya sami matsayinsa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa babbar kasuwar Gwanja, fatake da malamai da yawa suka gangara kudu suka zauna a Kete, watau zangon baƙi da ke kusa da Karaci, garin ƴan ƙasa. Wanda ya san Damagaram ba zai rasa gane wannan tsari ba, Birni a gefe, Zango a gefe. A Karaci akwai tsafin Dente, wanda mai kula da shi yake da ƙarfi ƙwarai a kan hanya da kasuwa. A ƙarshen 1894 ayarin Hans Gruner ya iso, aka harbe wannan mutum, aka kafa barikin Jamus. Wannan ayari ne ya ci gaba har Sayi, ya kai Gwandu a 1895 yana neman yarjejeniya. Julius von Zech, wanda ya zama gwamnan Togo daga baya, ya riƙe barikin, kuma shi ne ya ƙone Salaga a 1896. A 1899 Jamus da Ingila suka raba yankin da suka bari ba na kowa ba tun 1888, Salaga ta faɗa wa Ingilishi, Yandi da Kete-Karaci suka zauna a hannun Jamus.

Mischlich, wanda aka haifa a 1864, ya zo Afirka ne a matsayin ɗan mishan na Basel, ya bar mishan ya shiga aikin gwamnati a 1897, ya yi shekaru yana riƙe da wannan bariki. Aikin mai riƙe da bariki sananne ne ga duk wanda ya taɓa buɗa rahoton wani kumandan na zamanin Faransi. Ya san wane sarki ne ya karɓi tuta da hula, wane ne yake aika saƙo a ɓoye ƙetaren iyaka. Ya san wanda ya sauka a zango jiya, daga ina ya fito, gidan wa ya sauka, malami ne mai wa'azi ko falke ne, kuma ina ya nufa. Ya ƙirga jakai da kaya, ya karɓi kuɗin hanya, ya tara mutanen aikin tilas, ya yi shari'a. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a yi ba da harshe ba, harshen zango kuwa Hausa ne, kuma ƴan sandan farko da Jamus ta ɗauka a Togo a 1885 da sunan Hausawa aka ɗauke su. Littafin koyon Hausa da Mischlich ya fitar a 1902 da ƙamus na 1906 duka a jerin littattafan makarantar harsunan Gabas ta Barlin suka fito, makarantar da take horar da ma'aikatan da za a tura ƙasashen mallaka.

Malamin da ya samu ba ƙaramin malami ba ne. An haifi Umaru ɗan Abubakar a Kano a 1858, mahaifinsa Bakabe ne mai fataucin goro. Ya yi karatu a Kano da ƙasashen yamma, ya bi hanyar Gwanja, ya sauka Salaga wajajen 1892, daga baya ya koma Kete inda ya zama limami, ya tafi hajji a 1913, ya rasu a 1934. Tun yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka ya wallafa littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa, watau ya san abin da ake rubuta wa mai mulki da abin da ake bari a ciki. Wannan mutum ne Mischlich ya riƙa roƙo ya rubuta masa labarin ƙasar Hausa. Abin da ya rubuta ya fito kashi-kashi: na al'adu a mujallar makarantar Barlin daga 1907 zuwa 1909, na noma da sana'a da ciniki a littafin da aka buga a 1942, wasu na tarihi kuma Heinz Sölken ya fitar, har da tarihin Kabi. Douglas Ferguson ya juya babban kashi zuwa Ingilishi a 1973, Stanisław Piłaszewicz kuma ya buga wasu daga cikin rubuce-rubucen ajamin a shekara ta 2000.

Abu na farko da za a yaba, kuma a yaba shi ba da rowa ba, shi ne Mischlich ya bar ajami a fili. A ƙamus ɗinsa kalma tana zuwa da baƙaƙen Larabci tare da na boko. Wannan ya ceci abu mai yawa. Malamin ajami yana bambanta gajeren wasali da dogo, domin alif da wau da ya suna hannunsa, kuma yana rubuta ɗa mai hannu inda Bature na wancan zamani yake jin d kawai. Wanda ya dogara ga irin wannan malami ya sami kunnen da ba nasa ba. Abin da ya sa tsawon wasali a aikin Mischlich ya fi na waɗanda suka riga shi aminci ke nan. Amma ajamin yana da nasa ramuka. Ba ya raba o da u, ba ya raba b da ɓ a yawancin hannuwa, kaf lasan da ƙaf wau kuwa sau da yawa bin asalin kalmar Larabci ko al'adar marubuci suke yi, ba bin furuci ba. Karin sauti kuma ba ya cikin ajami, bai kuma shiga ƙamus ɗin ba, sai da Bargery ya zo a 1934 aka sami ƙamus mai nuna shi. A ɗauki kalmar da ta fi kowace kusa da aikin bariki, watau fito. Akwai fito na ƙetare kogi, wanda daga gare shi aka sami kuɗin fito, akwai fito na baki, akwai kuma fito abin sha. Tsawon wasali yana raba na baki da sauran biyun, amma ba a gama raba ukun ba sai da karin sauti. Mai tsara littafin karatu da zai kwafi kalma daga aikin 1906 tilas ya sake jin ta a bakin mai magana.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne wanda ya zaɓi abin da za a rubuta. Malam ne ya riƙe alƙalami, amma kumandan ne ya yi tambaya. Idan aka dubi inda rubutun ya yi kauri sai a ga ya yi daidai da ɗakunan rahoton bariki: me ake nomawa, me ake saƙawa da rinawa da ƙerawa, me ake kaiwa kasuwa, wa yake sarauta a kan wa, yaya aka ci wace ƙasa, yaya ake aure da gado da bauta. Sunan littafin 1942 da kansa ya jera noma da sana'a da ciniki. Shekarar ma abin lura ce, domin a lokacin Jamus ta rasa Togo da shekara ashirin da takwas, amma tana tsakiyar yaƙi tana shirin komowa Afirka, kuma littattafai irin wannan suna da masu jiransu. Wannan ba ya nufin abin da Imam Umaru ya rubuta ƙarya ne. Ɗan falke ne da ya bi hanya da ƙafarsa, ya san madugu da jagaba da uban dawaki, ya san mai gida da dillali, ya san ƙwaryar goro da huhu. Ta wannan fanni shaidarsa ta fi ta kowane matafiyi Bature. Abin da ake cewa shi ne yawan kalmomi a wani fanni da ƙarancinsu a wani ba hoton harshen ba ne, hoton tambayar ne. Wanda zai ƙirga kalmomin waɗannan matani ya ce ga abin da Hausar ƙarni na 19 ta fi damuwa da shi, to abin da barikin Kete-Karaci ya fi damuwa da shi ya ƙirga.

Akwai kuma abin da malamin ya rubuta ba da an tambaye shi ba. A 1899 da kuma wajajen 1900 ya yi waƙoƙi biyu da Larabci a kan zuwan Nasara, ya ƙara ta Hausa a 1903, inda ya bi garuruwa da sarakunan da aka ci ɗaya bayan ɗaya. A cikin na Larabcin ya nuna yadda baƙin suka fara da zancen ciniki da lallashi kafin su fito da abin da ke ransu. Watau a shekarun da yake zama da mai bariki yana bayyana masa sana'o'in Kano, yana kuma rubuta wa ƴan'uwansa malamai wani lissafi dabam, shi ma yana sa ido a kan masu sa ido. Duk wanda ya karanta zuben da aka buga a Barlin bai karanta waƙoƙin ba zai ɗauka ya sami wani dattijo mai sanyin hali da ke ba da labari don nishaɗi. Natsuwar da ke cikin zuben ta mutum ce da ya san gaban wa yake magana. Ga mai nazarin salo wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin an sha kafa hujja da waɗannan matani a kan yadda zube na Hausa yake tun asali, a ce ga shi a miƙe, ba ado, ba ra'ayi. Mai yiwuwa miƙewar ta ofis ce.

Ana iya gwada wannan da abin da ya faru tsakanin malamin da wani Bajamushe, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka sani da Malam Musa. Krause ya zauna a Salaga, ya tara rubuce-rubucen Hausa da yanzu suke Barlin, ba ya riƙe da bariki, har ma ya kai ƙara majalisar Jamus yana zargin ma'aikatan Togo da kau da kai daga cinikin bayi. Ga malami ɗaya da masu tambaya biyu, ɗaya mai iko, ɗaya marar iko. Kwatanta abin da aka rubuta wa wannan da abin da aka rubuta wa wancan, kalma da kalma, musamman a kan bauta da sarauta, aiki ne da ya cancanci ɗalibi mai jin Jamusanci ya ba shi shekara.

A komo kan kalmar kariya. Masu fassara littattafan tarihi na makaranta sun saba juya sunan irin wannan mulki da cewa ƙasar da ke ƙarƙashin kariya, kuma ba a sami wadda ta fi ta ba tukuna. Amma Hausar sarauta tana da tata kalma ga dangantakar da mai ƙarfi yake karɓar gaisuwa ya bar marar ƙarfi da sarautarsa, ita ce amana. Sarkin da aka karanta wa takardar Bature ta bakin tafinta, abin da ya fi kusa da hankalinsa ke nan, amana kuwa tana da sharuɗɗa a kan ɓangarori biyu, ana iya cin ta, ana iya warware ta. Abin da Bature yake nufi dabam ne, yana nufin sauran Turawa su janye hannu, ƙasa ta zama tasa. Tsakanin waɗannan ma'anoni biyu aka yi shekara talatin a Togo. Ƙamus da mai bariki ya tsara ba wurin da za a nemi wannan saɓani ba ne, domin aikinsa shi ne ya ba kowace kalmar Hausa abokiya a Jamusanci, ya sa umurni ya wuce ba gargada. Mai tsara kalmomin tarihi da na zaman ƙasa don manya masu koyon karatu ya kamata ya riƙa tambaya, ga kowace kalma ta mulki da ya tarar a tsohon ƙamus, wane ɓangare ne ya sa mata wannan ma'ana. Haraji da gaisuwa da fito da garama ba abu ɗaya ba ne a bakin falke, ko da sun taru a layi ɗaya a littafin duwan.

Wannan ciwo ba na Jamusawa kaɗai ba ne. Nahawu da ƙamus na Hausa da Landeroin da Tilho suka fitar bayan aikin shata iyaka na 1906 zuwa 1909 daga hannun hafsan soja mai aikin tafinta suka fito, labarun sarautun Katsina da Gobir da Damagaram da ke cikin takardun wannan ayari kuwa an tattara su ne don a san wa yake da wace ƙasa. A shekarar da ƙamus ɗin Mischlich ya fito, a Zinder aka tuɓe sarki Amadu ɗan Basa aka kai shi Kwadibuwa bisa zargin makirci, zargin da ya iso kunnen kumandan ta bakin masu kai rahoto. Ma'aunin da aka ɗora wa matanin Kete-Karaci shi ya kamata a ɗora wa na gida.

Saura batun karin harshe, wanda ya fi shafar masu neman daidaita rubutu. An ga wasu suna kawo misali daga Imam Umaru a matsayin Kananci na da, wasu a matsayin Hausar yamma, wasu kuma a matsayin Hausar zangon Gana. Mutumin da aka haifa a Kano cikin gidan Kabawa, ya yi karatu a yamma, ya shekara arba'in a zango, ba a jingina harshensa ga gari ɗaya sai an tace. Abu ɗaya dai a fili yake, ba za a ɗauke shi shaidar Hausar zango ba, irin wadda ta saki bambancin namiji da mace ta kuma sassauta baƙaƙe masu ƙugiya, domin shi da Hausa ya tashi, kuma da alƙalamin malami yake rubutu. Hausar ƴan sanda da ƴan alaro da masu dakon gishiri, wadda ita ce Mischlich yake ji kullum a ƙofar bariki, ba ita ya ga ta cancanci shiga littafi ba. Daɗin daɗawa, tsakanin hannun malamin da idon mai karatu na yau akwai matakai uku ko huɗu, ajami, sa'an nan bokon Mischlich, sa'an nan Jamusanci, sa'an nan Ingilishin Ferguson, wanda ya sake jera abin babi-babi. Mai neman tarihi yana iya tsayawa a mataki na ƙarshe. Mai neman harshe ba shi da wannan dama, sai ya koma ga ajamin, kuma a nan ne aikin Piłaszewicz ya fi amfani.

Ga masu shirya littattafan karatu, hanyar da ta fi aminci ita ce a zaɓi sassan da suka shafi sana'a, kamar rini da saƙa da jima da tafiyar ayari, a juya su daga ajami kai tsaye zuwa rubutun da hukuma ta amince da shi, a karanta wa tsofaffin masu sana'ar a Maraɗi ko Tawa ko Mirya su faɗi kalmar da suka sani da wadda ba su sani ba, a bar tsohuwar kalma a cikin matani a yi mata bayani a ƙasa maimakon a musanya ta. A gabatarwa a faɗa wa mai karatu, cikin layi biyar ko shida, wanda ya yi tambaya da aikin da yake yi a Kete-Karaci. A bangon littafin kuma a sa sunan Alhaji Umaru a matsayin marubuci, kamar yadda Ferguson da Piłaszewicz suka yi, a sa na Mischlich a matsayin wanda ya tattara ya buga.